An Yafe wa Tahsin

Ni dai har gobe, in na ji mutum ya buɗe baki ya ce, "Ai ba laifinsa ba ne, rayuwa ce ta mai da shi haka," sai in ji kamar in watsa masa shayi mai zafi a fuska. Da wannan maganar aka binne ƙanena Tahsin da ransa. Kuma ba maƙiyi ne ya yi ta ba, ɗan baffanmu ne, Dakta Mu'ayyad, mai koyarwa a jami'a, wanda muke alfahari da shi a unguwa kamar mu muka haife shi.

Tahsin a hannuna ya tashi. Yana rarrafe aka kawo gawar babanmu daga bakin daga, bai shiga makaranta ba innarmu ta bi shi. Ni na goya shi, ni na yi masa faɗa, har na tafi da shi gidan aurena kafin ya girma ya koma gidan babanmu. Aikinsa gidan gurasar Abu Rasul ne. Shi ke riƙe da makulli, shi ke buɗewa ya hura tanda kafin masu kwaɓi su iso, kuma shekara da shekaru ko gurasa ɗaya ba a taɓa nema an rasa ba. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: tattabaru. Yana da akurkinsu a kan soro, ya san kowace da sunanta, in suna shawagi a sama yana yi musu fito sai ka rantse yaro ne aka ba sabuwar riga.

A Basra kuwa kowa ya san abin da ake cewa masu tattabaru. Wai suna jan tsuntsun wani ya sauka cikin nasu su ce ba su gani ba, wai suna leƙen tsakar gidan mutane daga sama, don haka bakinsu ba abin kamawa ba ne. Tun kakanni ba a karɓar shaidarsu. Ana faɗa ana dariya a wurin shan shayi, har shi Tahsin ɗin yana taya su dariyar. Ban taɓa zaton wasan nan zai zama igiya a wuyansa ba.

Ranar da abin ya faru tsakiyar zafi ne, irin zafin da ko kare ba ya fita. Ya dawo daga aiki da hantsi, ya hau ya saki tsuntsayensa, sai zazzaɓi ya rufe shi. Da ƙyar ya ja jiki ya zo gidana, layi biyu daga nasa. Ya kwanta a kan tabarmata a gaban fanka yana karkarwa. Na dafa masa shayin busasshen lemon tsami, na jiƙa tsumma ina ɗora masa a goshi. Daga hantsi har rana ta yi sanyi bai ɗaga daga wurin ba, sai fitsari. Maigidana Abu Wisam yana wurin aiki a tashar jiragen ruwa, gidan daga ni sai shi.

A wannan tsakanin ne iyalin Hajji Abbud, waɗanda katangarsu ɗaya da gidan babanmu, suka tafi zaman makoki. Da suka dawo, matarsa Ummu Sattar ta nemi zinarenta ta rasa, awarwaro da sarƙar aurenta. Aka tarar da ƙofar matakalar soronsu a buɗe. Aka tambayi maƙwabta wa suka gani a sama. Ba wanda ya ga mutum, amma kowa ya ga tattabarun Tahsin suna ta zagaye wuni guda. To, in tsuntsaye na sama ai mai su yana kan soro, haka kowa ya sani. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa abin da ya hana su sauka shi ne babu mai kiran su.

Kafin mako ya zagayo dattawan dangin Hajji suka aiko: a haɗu a zauren Shaihu Mizhir, babban da ke sasanta rigimar dangi, in ba haka ba su san abin da za su yi.

Tahsin ko a jikinsa. Ya ce mini, "Yaya, mene ne abin kuka? A kawo Alƙur'ani in dafa, shi ke nan. Ban ɗauka ba."

Ni na san mutanenmu, shi ya sa na sa abayata na tafi gidan Dakta, can cikin unguwar masu lambu a ƙofar gida. Ya karɓe ni hannu biyu, wallahi ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi da dabino. Na ce masa, "Ɗan baffa, kai ne mai baki a cikinmu. Ni mace ce, ba zan shiga zauren maza ba. Abu ɗaya nake so ka faɗa: yaron nan yana kwance a kan tabarmata wuni guda. Ka faɗa, ka sake faɗa, ka ce a bar shi ya rantse."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ummu Wisam, ke 'yar'uwarsa ce, kuma ke kika raine shi. Za su ce ko ya kashe mutum haka za ki faɗa."

Na ce, "Su faɗa mana. Kai dai ka faɗi naka."

Ya ce, "Ki bar mini. Aikina ke nan, abin da nake koyarwa ke nan, abin da ke sa mutane aikata laifi. Na san yadda zan taɓa zuciyarsu."

Na ce, "Ba zuciyarsu nake so ka taɓa ba, gaskiya nake so ka faɗa."

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mara lafiya. Da na san fassarar murmushin nan da a nan take na tsinke maganar, na je na nemo ko mai sayar da kifi ya tsaya mana.

Ranar zama, matar Shaihu ta bar ni na shiga ɗakin girki ina taya su tsince shinkafa. Akwai taga tsakaninsa da zauren, ana jin komai. Maza sun cika, an zagaya da gahawa. Mai magana da bakin Hajji ya gama zuba nasa, ya yi ta nanata tsuntsaye da ƙofar soro. Sai na ji muryar Tahsin.

"Shaihu, a kawo Littafi in rantse."

Wani daga can baya ya ce, "Rantsuwar mai tattabaru? Ai gara a kawo tattabarar ta rantse." Zaure ya ɗauki dariya.

Shaihu ya ce, "Zauna, ɗana. Kana da mai yi maka magana."

Dakta ya miƙe. Na bar shinkafa na manna kunnena da taga, ina jiran kalmar tabarma.

Ya ce, "Ya ku iyayena, kafin mu tambayi wane ne ya ɗauka, mu tambayi me ya sa ake ɗauka. Ba wanda uwarsa ta haifa ɓarawo. Ku dubi yaron nan. Ubansa ya mutu yana kare ƙasar nan, me ƙasar ta ba shi? Ya tashi ba uba mai tsawatarwa, ba uwa mai rarrashi. Ya tashi a unguwar da ruwan kwata ke gudu a ƙofar gida, makaranta aji ɗaya yara kamar kasuwa, wuta ta zo ta ɗauke. Man fetur ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yana ciyar da duniya, shi kuwa hayaƙinsa kawai yake shaƙa. Kullum yana ganin motoci da gidaje a talabijin, ana ce masa wannan ita ce rayuwa, kuma duk ƙofar da ke kaiwa can an rufe ta. Namiji ya kusa arba'in bai iya haɗa sadaki ba. In kun nuna wa mai yunwa abinci kuka ɗaure masa hannu, me kuke jira?"

Na ji wani tsoho yana cewa, "Gaskiya ne, wallahi gaskiya ne."

Dakta ya ƙara ƙaimi. "Sannan da wa yake zama? Da masu tattabaru. Laifi koyon sa ake yi, kamar yadda ake koyon sana'a. Yau ka ga abokinka ya ja tsuntsun wani ya ce bai gani ba, kowa ya yi dariya, gobe sai hannu ya saba. Ba mugu ba ne. Mu muka gina soron da ya tsaya a kai. In za a hukunta, a fara da mu."

Jama'a, ku ji ni. Duk abin da ya faɗa game da kwata da wuta da yunwa gaskiya ne, ni na fi shi sani, a ciki nake kwana. Amma wa ya tambaye shi? Mutum ya ce ban ɗauka ba, kai kuma ka tashi da babbar riga kana bayanin dalilin da ya sa ya ɗauka. Tabarmata ko sau ɗaya bai ambata ba.

Na yi kan ƙofa, matar Shaihu ta riƙe ni ta baya. "Ummu Wisam, ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki. Ba ki ji ana sassautowa ba?"

Sun sassauto kuwa. Hajji Abbud da kansa ya ce ya tuna babanmu, mutumin kirki ne, ba zai kai marayansa wurin 'yan sanda ba. Shaihu ya yanke: danginmu su haɗa su biya zinare, a rushe akurki, magana ta mutu a nan. Ya ce, "Tahsin, tashi ka sumbaci kan Hajji. An yafe maka."

Tahsin ya ce, "Me aka yafe mini? Ban ɗauka ba."

Shaihu ya ce, "Mun ji, ɗana. Ba sai ka faɗa ba, ba ma son mu kunyata ka."

"Ku kunyata ni. Ku kira 'yan sandan. Ku kawo Littafi."

Sai na ji muryar Dakta ƙasa-ƙasa: "Tahsin, kar ka ɓata abin da aka gyara."

Baffanninmu suka kama shi, suka dangwara bakinsa a kan rawanin Hajji. Aka karanta Fatiha, aka shigo da shinkafa da naman rago. Wadda na tsince da hannuna suka ci.

A ƙofa na tare Dakta. Fuskarsa har sheƙi take yi. Ya ce, "Kin gani? Ba kurkuku, ba kora daga unguwa."

Na ce, "Ka yarda bai ɗauka ba?"

Ya ce, "Ummu Wisam, wannan ba shi ne muhimmi ba."

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." A gaban mutane na faɗa, kuma ban janye ba har yau.

Da zagi aka yi masa da ya fi sauƙi, don mai zagi ana rama masa. Amma unguwa tausayinsa ta shiga ji. Abu Rasul ya kira shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya ce kar ya ɗauka da wata manufa, amma makullin nan nauyi ne, bai kamata a ɗora wa mutum jarrabawar da ta fi ƙarfinsa ba. Ya karɓe makulli. Tahsin ya ci gaba da zuwa yana tsayuwa a waje har wani ya zo ya buɗe, a ƙofar da shi ke buɗewa tun yana saurayi. Bai jure ba, ya bari. Matan layi suna aiko masa da miyar kuɓewa, in ya wuce su ce, "Allah sarki, maraya," su jawo jakarsu gaba. A masallaci mutum zai gaishe shi da fara'a, sannan ya koma ya ɗauko takalminsa ya ajiye a gabansa. Duk inda ya je neman aiki labari ya riga shi, kuma ba a cewa ɓarawo ne, cewa ake yi, "Yaron kirki ne, sai dai ka san halin da ya tashi a ciki."

Tattabarun an kai su kasuwar Juma'a an sayar. Ba su san an yi zama ba, sai suka riƙa gudowa daga gidajen da aka kai su, su sauka a kan soron da babu akurki, suna tafiya a kan siminti suna neman sa. Masu su suka zo suna bugun ƙofa, maƙwabta suka ce, "Ka gani ko, hannu ya saba." Da kansa yake hawa ya kore su da dutse, ya sauko idonsa ja.

Wata rana ya ce mini, "Yaya, kin san su wa ke zama da ni ba su taɓa aljihunsu? Yaran bakin kogi." Ya san na san su, masu yanke wayar janareta su ƙone ta su sayar da jan ƙarfen. Na yi masa faɗa, na yi kuka, na tuna masa babanmu. Ya ce, "Ai Dakta ya yi bayani. Ba ni da uba, ba ni da aiki, ina zama da miyagu. Da can ɗaya ne kaɗai gaskiya a ciki, yanzu duk sun cika."

Kafin wani zafin ya zagayo aka kama shi da rana tsaka, da naɗin waya a kafaɗa. Wannan karon ba a yi zama ba, kotu aka kai shi, kuma bai musa ba.

Yana can ciki, ana shirin azumi, sai ga Ummu Sattar a gidana da farantin alawa an rufe da kyalle. Ta zauna tana ta kame-kame, tana yaba fankata. Da ta ɗaga hannu za ta gyara mayafi na ga awarwaron a hannunta. Ta ga na gani.

Ta ce, "Ummu Wisam, abin kunya ne, ki riƙe a cikinki. Ranar makokin nan ni na ɓoye su da kaina don tsoron ɓarayi, na tura su cikin buhun shinkafar da ke ƙasa, na manta sam. Ƙofar soro kuwa surukata ce ta shanya kaya. Sai jiya da muka kai gindin buhun."

Na ce, "To sai a koma zauren Shaihu."

Ta ce, "Haba, a tada abin da ya kwanta? Hajji zai mayar wa danginku abinsu a asirce. Kuma tsakani da Allah, 'yar'uwa, ai ga shi ya fito fili. Ko bai ɗauki namu ba ya ɗauki na wasu. Dakta ya gano shi tun kafin mu gano."

Na ɗauki farantin na kai ƙofa na juye shi a kwata, na dawo na miƙa mata abinta. Ban zage ta ba, don in na fara ban san inda zan tsaya ba.

Ban riƙe a cikina ba. Na bi layi gida-gida na faɗa, na tsaya a ƙofar gidan gurasa na faɗa, na aika wa Shaihu. Kowa ya ce "Subhanallahi," ya girgiza kai, ya koma abin da yake yi. Na je wurin Dakta. Wannan karon bai yi murmushi ba, ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce, "Kin san akwai masana da suka yi nazarin wannan ma. In jama'a suka liƙa wa mutum suna, a hankali sai ya..."

Na ce, "Jama'a? Wace jama'a? Jama'a zarginsa suke yi, yana musu, yana da bakinsa. Kai ka tashi ka ƙwace bakin. Kai ka liƙa, da hannunka, kana hawaye."

Ya ce, "Na so in cece shi ne."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan yafe ba. Da ka tsane shi ne da ka tsaya ka duba ko ya yi."

Ranar ziyara na dafa masa kifi da shinkafa, na bi layin mata a cikin rana har aka kira ni. Ya rame, an aske masa kai. Na riƙe hannunsa ta tsakanin ƙarfe na ce, "Tahsin, an ga zinaren. A cikin buhun shinkafarta yake. Kowa ya ji, na tabbatar kowa ya ji. Shaihu ya ce in ka fito za a kawo Littafi a gaban mutane ka dafa, a wanke ka."

Na zaci zai yi murna, ko ya yi kuka, ko ya yi zagi. Sai ya zare hannunsa a hankali ya dube shi, ciki da baya.

Ya ce, "In dafa in ce me, Yaya? In ce ni ba ɓarawo ba ne?"

Na tura masa kwanon kifin ta ƙarƙashin ƙarfe.

Ya ce, "Ranar nan da sun kawo shi, da na dafa da hannu biyu. Yanzu ki ce wa Shaihu ya bar Littafin a inda yake. Na yanke wayar, ba sau ɗaya ba."

Mai gadi ya buga ƙarfe, lokaci ya cika. Ya ɗauki kwanon kifin ya juya, sai ya tsaya ya tambaye ni ko har yanzu tsuntsayen suna dawowa. Na ce masa guda biyu suna zuwa, fara da mai wuyan ja. Ya ce in na samu hali in riƙa ajiye musu ruwa a kan soro, zafi ya kusa.